Yadda na shiga gasar kamun kifin bas a kogin Potomac a matsayin ɗan baya

Tun da na sa hoton ranar awon kifi 'yan uwa ke ta tambayata yadda ake shiga wannan gasa, wasu ma na zaton sai mutum ya mallaki jirgi na dubban daloli. Ba haka ba ne. A manyan gasannin kifin bas na Amurka, waɗanda ƙungiyoyi irin su B.A.S.S. da Major League Fishing ke shiryawa, akwai rukunin da ake haɗa mutum biyu a jirgi ɗaya: mai jirgi, wanda galibi ƙwararre ne, da kuma wanda suke kira co-angler, ni dai ɗan baya nake ce masa domin a bayan jirgin yake tsayawa. Kowa na kama kifinsa, kowa na fafatawa da 'yan rukuninsa. Ta wannan ƙofa na shiga, a wata gasa ta kwana uku da aka yi a ƙarshen Yuni a kogin Potomac, aka tashi daga Smallwood State Park da ke Marbury a jihar Maryland.

Rajista ce matakin farko, kuma a intanet ake yinta watanni kafin ranar. Sai ka fara sayen katin zama ɗan ƙungiya na shekara, sannan shafin zai bari ka biya kuɗin shiga. Nawa ya ɗan haura dala 500, na mai jirgi kuwa ya ninka wannan kusan sau uku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bayan na biya kafin alƙalami sai na ga sunana a jerin masu jira. Na kira ofishinsu, wata mata ta yi mini bayani cewa 'yan baya sukan fi masu jirgi yawa, don haka wanda ya zo da sunan wani mai jirgi suka yi rajista tare shi ake fara tabbatar wa da gurbi. Ba wai da shi za ka fita ruwa ba, lissafin kujeru ne kawai. Na samu wani mai jirgi ta shagon kayan fatsa da nake zuwa, shi ma yana neman wanda zai haɗa suna da shi, muka aika lambobinmu, da yamma saƙon tabbaci ya shigo. Wanda zuciyarsa ke waswasi a kan gasar da ake zuba kuɗi a ci kyauta, ya tambayi malaminsa tun kafin ya danna biya, domin dokokinsu na mayar da kuɗi masu tsauri ne idan ranar ta matso. Ni dai akwai wani asusu na gefe da ake tarawa don wanda ya kama kifi mafi girma, ban shiga ba.

Daga nan sai lasisi, kuma a nan ne Potomac ke rikita baƙo. Kogin ya raba Maryland da Virginia, amma ruwan tsakiya na Maryland ne har zuwa gaɓar Virginia, sannan akwai hukumar haɗin gwiwa ta jihohin biyu, Potomac River Fisheries Commission, mai ofis a Colonial Beach, da ke kula da kamun kifi a babban kogin. Na sayi lasisin Maryland na yankin Chesapeake, wanda shi ne na ruwan da ke cika yana janyewa, ba na tafkuna da ƙoramu ba, domin su biyun daban ne. Sai kuma birnin Washington, wanda ba ya karɓar lasisin kowa sai nasa. Da zarar jirgi ya wuce gadar Woodrow Wilson ya nausa arewa, an kusa shiga ruwan birnin. Kai ɗan baya ba ka da ta cewa a kan inda za a nufa, saboda haka na sayi na Washington ɗin ma, bai kai dala 20 ba, na buga duka a takarda na sa a leda, na kuma ajiye hotonsu a waya. Takardar sanarwar gasar takan faɗi lasisin da suke karɓa da wuraren da aka haramta shiga, a karanta ta da kyau.

Masauki na kama a Waldorf, kan titin 301, tafiyar kamar rabin awa zuwa bakin ruwa. La Plata ta fi kusa amma ɗakunan sun ƙare da wuri. Jajiberin gasa aka yi taron bayanin dokoki. Na nuna katin shaida, na sa hannu a takardar da ke cewa in wani abu ya same ni a ruwa ba ruwan masu shiryawa, da wata da na amince a yi mini gwajin na'urar gano ƙarya idan an buƙata, na kuma cike fom ɗin haraji domin ko dala nawa ka ci sai hukuma ta sani. Daraktan gasa ya bi dokokin ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa abin da ke da rai a ƙugiya, sai na roba ko ƙarfe ko katako. Ba a jan fatsa da gudun jirgi. Duk lokacin da babban inji ke aiki, rigar kariya daga nutsewa na jikinka a ɗaure, kana zaune, direba kuma ya maƙala igiyar kashe inji a jikinsa. Kifi biyar kawai za ka kawo, bas mai babban baki ko mai ƙaramin baki, kuma da ransu. Kowane mataccen kifi ana cire maka oza 4. Kowane minti na latti laba guda, in ka haura minti 15 kamun ranar gaba ɗaya ya tashi a banza. Dokar Maryland a wannan ruwa ita ce inci 15 daga 1 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, daga nan ta koma inci 12, mun zo ke nan bayan an sassauta. Wanda ya saba da Argungu, inda ƙaton giwan ruwa ɗaya ke raba gardama, sai ya sauya lissafi: a nan jimillar nauyin biyar ake dubawa, kuma kifin da ya kai laba 5, wato kilo 2 da ɗan kai, shi ne ake ɗaga wa kyamara.

Bayan magariba saƙo ya shigo waya da sunan mai jirgina na gobe, da lambarsa, da lambar jirgi, da rukunin tashi. Al'ada ce ɗan baya ya fara kira. Na kira, wani dattijo ne daga Carolina ta Arewa, maganarsa a ja take sai na kasa kunne sosai. Na tambaye shi abu uku: ina za mu haɗu, wane irin wuri za mu yi fatsa, sanda nawa zan kawo. Ya ce ciyawar ruwa ce duk yini, in kawo sanda biyar kada su wuce haka, jaka ɗaya ƙarama, in kuma zo da zare mai ƙarfi. Sai ya ƙara da tambayar ko na duba jadawalin cika da janyewar ruwa. Na duba. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ke fitar da shi kyauta, tasha tasha, kuma na Indian Head, wanda ke kusa da inda za mu tashi, ya nuna ruwa zai kai ƙarshen janyewa wajen ƙarfe goma na safe. Ya ce to madalla, ranarmu ke nan a hannu.

A daren nan na zauna na fahimci abin da yake nufi, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Potomac daga Washington zuwa mashigin Chesapeake a haɗe yake da teku, saboda haka ruwansa na cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Bambancin tsayin bai wuce ƙafa biyu zuwa uku ba, amma a fadamar da zurfinta ƙafa huɗu ne wannan ya isa ya sauya komai. Idan ruwa ya cika, kifin sai ya bazu cikin ciyawa da ƙarƙashin ganyen bado har bakin gaɓa, ka yi ta jifa ba ka san inda yake ba. Idan ya fara janyewa, ciyawar ta kwanta, ruwan ya tace, ƙananan kifaye da ƙaguwar ruwa su fito dole, bas ɗin kuma ya taru a bakin ciyawa da bakin 'yan magudanai yana jiran abinci ya zo masa. Masu kogin duk bakinsu ɗaya: awa biyun ƙarshe na janyewa da awar farko ta dawowa su ne kasuwa. Sannan janyewar ba lokaci ɗaya take faruwa a ko'ina ba, tana farawa daga ƙasa wajen teku ta hau sama, har tsakanin ƙoramar Aquia da Washington a samu tazarar fiye da awa guda. Mai jirgi mai gudu zai iya farawa daga kudu ya riƙa bin janyewar zuwa arewa, ya tsawaita kasuwarsa.

Ƙarfe huɗu da rabi ina ƙofar wurin shaƙatawar Smallwood, na tarar da layin motoci masu jan jirage ya miƙe har titi. Na biya kuɗin shiga, na yi asuba a gefen motata, sannan na nemi dattijon da fitilar waya. An so ɗan baya ya iya mayar da mota da tirela da baya zuwa cikin ruwa. Na gaya masa gaskiya ban ƙware ba, ya ce ba komai, shi ya mayar har bakin ruwa ya hau jirgi, ni na ƙarasa 'yan ƙafafun na je na ajiye motar. Jirage fiye da ɗari na shawagi a bakin ƙoramar Mattawoman cikin duhu, fitilu ja da kore, ƙamshin fetur da kofi. Aka yi addu'a, aka rera taken ƙasa kowa ya cire hula, sannan aka fara kiran lamba. Idan an kira ku, sai ku wuce a hankali ta gaban ma'aikata da murfin tankin kifi a buɗe su ga babu komai ciki, su kuma ga famfon ruwan na aiki. A nan ake gaya muku lokacin dawowa. Namu uku saura kwata. Na rubuta a bayan hannuna da biro.

Da muka fita daga iyakar tafiya a hankali ya buɗe wuta. Jiragen nan kan haura mil 60 a awa, babu gilashin kirki a gabanka, idanuna suka yi ta hawaye duk da tabarau, na danne hula tsakanin cinyoyi. Muka wuce Mallows Bay, inda gawarwakin jiragen katako na zamanin yaƙin duniya na farko ke kwance a ruwa, wurin da aka mayar yankin kariya na ƙasa a 2019, muka tsallaka ɓangaren Virginia muka tsaya a wata shimfiɗar ciyawa kusa da Aquia. Ya sauke ƙaramin injin lantarki na gaba ya fara jifa. Doka da ladabi sun haɗu a kan cewa gaban jirgi nasa ne, ba ka jefa ƙugiya gabansa, ba ka hawa dandalinsa sai don taya shi da koma. Duk ramin ciyawar da ya yi kyau shi ya riga ka. Saboda haka na ƙi yin irin nasa. Yana jan wani abu mai karkarwa da sauri ta saman ciyawa, ni kuma na sa tanar roba marar nauyi ina jefawa ɗaya gefen ina barinta ta nutse a hankali. Awa biyun farko ruwa na da sauran yawa, shi ya kama biyu, ni ko taɓawa. Zuciyata ta fara lissafin dala 500.

Wajen takwas da rabi kan ciyawa ya fara bayyana. Cikin minti arba'in na saka uku a tanki, shi ya cika biyar har ya fara musanya. Ana cikin haka, kifi na ci, sai ya ce in naɗe mu tafi. Na dube shi. Ya nuna mini wani turken katako da ruwan ya daina gudu a jikinsa, ya ce nan ta ƙare, mu riga ta zuwa gaba. Muka koma arewa zuwa bakin Chicamuxen, muka tarar da ruwan na kan janyewa kamar an mayar da agogo baya, na ƙara ɗaya. Muka sake hawa sama zuwa Pohick, a can na kama na biyar, na kuma samu wani mai laba uku da rabi da ya kori ƙaramin cikinsu. Musanya na da ƙa'ida: ba ka taɓa riƙe fiye da biyar, da ka kama na shida sai ka tsaya ka saki ɗaya kafin ka sake jifa, kuma mataccen kifi ba a musanya shi. Shi ya sa ake maƙala wa kowane kifi alama mai launi a leɓe. A Pohick ɗin ne kuma wani abu ya fizge kwaɗon robana har na ɗauka na gama da gasar, ashe kifin nan ne mai kan maciji, baƙo daga Asiya da aka fara gani a wani tafki a garin Crofton na Maryland a 2002, ya bayyana a Potomac a 2004. Ba ya cikin lissafi, kuma haramun ne a doka ka riƙe shi da rai. Ya cinye mini minti goma da kwaɗo guda.

Daga sha biyu ruwa ya dawo ya rufe komai, cin ya mutu. Aikin da ya rage shi ne raya abin da ke tanki, domin ruwan Yuni da ɗumi yake kuma ɗumi na rage iskar da kifi ke shaƙa. Dattijon ya bar famfo a kunne ba tsayawa, yana jefa ƙanƙara kaɗan kaɗan. Mun iso jirgin masu karɓar lamba da sauran minti shida. Awo kuwa layi ne: ana ba da jakunkuna ƙidayayyu, ka jira taka, ka zuba ruwa da kifi, ka bi layin manyan bahuna masu iska kana tsoma jakar. Wani ma'aikaci ya duba rai, ya ɗora wanda yake shakka a kan allon awo baki a rufe, sannan ka hau dandali a kira sunanka. Sun yi wa sunana kisan gilla a lasifika, amma allo ya nuna laba 11 da oza 6. Aka ba ni 'yar takarda na sa hannu, kifin kuma aka wuce da su jirgin da ke mayar da su kogi. Na miƙa wa dattijon dala 60 kuɗin mai. Ba doka ba ce a rubuce, amma wanda ya ƙi bayarwa sunansa kan zaga, kuma ranar da aka yi gudu mai nisa irin wannan ya kamata a ƙara. Na taya shi goge jirgi, na yi azahar a inuwar bishiya, na jira saƙon gobe.

Rana ta biyu aka haɗa ni da wani saurayi, kuma jadawali ya ce janyewa za ta kai ƙarshe wajen sha ɗaya saura. Jadawalin lissafin wata ne da rana, bai san da iska ba. Cikin dare iskar kudu ta taso, ita kuwa tura ruwa take yi cikin kogin ta hana shi fita, kamar yadda ta arewa maso yamma ke kwashe shi har jirage su zauna a laka. Ruwa na son sauka, iska na tura shi sama, sai babban kogin ya tashi da igiyoyi gajeru masu tsayi. Tafiyar minti ashirin ta zama ta kusan awa, na jiƙe sharkaf, bayana ya yi kwana biyu yana tuna mini. Saurayin ya zaɓi shimfiɗa ɗaya a cikin Mattawoman bayan ya ga kudu ba ta tafuwa, muka tarar da jirage kusan ashirin a kanta, kowa na jiran ruwan da bai sauka yadda ya kamata ba. Ya kuma riƙa kafa hancin jirgi cikin ciyawa, ni bayana na fuskantar fili. Ban ɗauka mugunta ba ce, kuɗinsa ya fi nawa a ciki, amma na yi masa magana sau ɗaya cikin ladabi ya ɗan gyara. Na kama uku, ɗaya ya haɗiye ƙugiya har maƙogwaro ya mutu kafin azahar, aka cire oza 4. Jimillata ta bar ni a tsakiyar jeri, ban shiga waɗanda za su fita rana ta uku ba, ban kuma kai layin masu karɓar caki ba.

Da na haɗa lissafi, kuɗin shiga da katin ƙungiya da lasisi da masauki da mai da abinci da robobin da na sayo sun doshi dala 1,200. Wanda zai fara, ina ganin gara ya soma da gasar yini ɗaya ta ranar Asabar, wadda kuɗinta bai kai rabin wannan ba kuma dokokin kusan iri ɗaya ne. Ya je kogin ko sau ɗaya kafin lokacin, ko daga gaɓa ne, ya zauna ya ga ruwan ya sauka ya dawo, domin karanta jadawali daban, ganin yadda ciyawa ke kwanciya daban. Ya rubuta lokutan tashoshi uku, kudu da tsakiya da arewa, na kowace rana, ya duba hasashen iska tare da su. Ya tanadi abin da ya fi amincewa da shi a ɗaure a sanda tun kafin awa biyun nan su zo, kada su same shi yana ƙulla zare ko cin burodi. A kula da dokar neman bayani ma: akwai kwanakin da aka hana tambayar wanda ba ya cikin gasa inda kifi yake, kuma wurin da mai jirgin jiya ya kai ka amana ce, ba ka faɗa wa na yau ko ya tambaya. Rigar ruwan sama ta shiga jaka ko da sama tas take, da ruwan sha mai yawa, da takalmi mai taushin ƙasa wanda ba zai ɓata masa shimfiɗar jirgi ba, da rigar kariya taka ta kanka wadda ka riga ka gwada ta zauna maka daidai.